MARIGAYI DAKTA BYANG KATO: YARON ƘAUYE DA TAIMAKON JAMA'A YA ƊAUKAKA

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Fatakwal ko Inugu zuwa Arewa a zamanin da reluwe ke tashe, ya san tashar Kafanchan, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe Kaduna, ɗaya kuwa ta haura Jos. Yamma da wannan tasha, a cikin ƙasar Jaba, akwai garin Kwoi. A wata unguwa ta garin nan da ake kira Sabzuro aka haifi Byang Kato ran 23 ga watan Yuni, 1936. Shekara 39 kacal ya yi a duniya, amma kafin rasuwarsa ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman addinin Kirista na Afirka baki ɗaya, ana sauraronsa a Nairobi da Landan da Amurka.

Tarihinsa ya shafi kowa, Musulmi da Kirista, domin labari ne na yaron da mahaifinsa ya ƙi biya masa kuɗin makaranta, waɗansu bayin Allah da ba su haɗa jini da shi ba suka tsaya masa, shi kuma da ya girma ya ƙarar da sauran kwanakinsa wajen nema wa 'ya'yan waɗansu makarantu.

ƘASARSU DA MAKARANTUNTA

Mutanen da Hausawa ke kira Jaba, su da bakinsu Ham suke kiran kansu, harshensu kuwa Hyam. Manoma ne na gaske, kuma ƙasarsu ta yi suna wajen noman citta. A cikinta ne ƙauyen Nok yake, wanda aka sa wa tsofaffin gumakan yumɓun nan sunansa, waɗanda suka shekara fiye da dubu biyu a binne. A zamanin Turawa, Jaba da Kagoro da Marwa su ne ƙasashe uku da aka bar su da sarakunansu, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ko Sarkin Jama'a ba, ko da yake tun 1934 ana lissafa su cikin Lardin Zazzau.

A lokacin nan gwamnatin Turawa ba ta kula da ilmin wannan yanki sosai ba. Manyan makarantunta, kamar Kwalejin Katsina, suna can ƙasashen sarakuna. A kudancin Zazzau kuwa yawancin makarantun boko na mishan ne. Wadda ta fi ƙarfi a ƙasar Jaba ita ce ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Samari uku ne suka fara ta, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuwa a Bida. Bingham ne ya rage, ya ci gaba da fama har aka kafa tashar farko a Patigi cikin 1902. Wajen 1910 aka buɗe tashar Kwoi, daga baya kuma ta Kagoro.

Ita wannan ƙungiya ba gwamnati ke riƙe da ita ba. Da baikon masu zuwa majami'a a Kanada da Amurka da Ingila take tafiya, yawancinsu kuwa ba attajirai ba ne. A nan gida kuma mutanen ƙauye su ke yin gayya su kwaɓa ƙasa, su ta da bango, su ɗora jinka, su kuma haɗa ɗan abin da za a ba malami. Da Hausa ake fara koyarwa, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932. Haka makarantun ƙauye suka tashi a wannan yanki, da kwabon baƙo da gumin ɗan gari.

ƘURUCIYARSA

Gidan su Byang gidan addinin gargajiya ne. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya gaji hidimar tsafin gidansu. 'Yan'uwansa da dama sun rasu tun suna ƙanana, saboda haka idon mahaifin duk yana kansa. Da ya kai wajen shekara goma aka shigar da shi daji tare da tsararrakinsa, aka yi masa al'adun shiga sahun maza kamar yadda Jaba suka gada.

A kwanakin nan akwai wata baturiyar mishan a Kwoi mai suna Mary Haas, wadda takan zo unguwarsu ta tara yara tana ba su labarai. Ta nan ne sha'awar makaranta ta shiga ran yaron. Mahaifinsa bai so ba, kuma yana da dalilinsa: manomi ne mai bukatar hannu a gona, ga shi kuma yana gani makaranta za ta raba shi da magajinsa. Sai da aka yi ta roƙonsa sa'an nan ya yarda, bisa sharaɗin yaron zai riƙa taɓa aikin gona kafin ya tafi aji.

Yana da shekara 12 wani malaminsu ɗan ƙasa ya ba su labarin Annabi Nuhu da jirginsa. Labarin ya kama shi ƙwarai, har ya tashi a gaban 'yan ajinsu ya ce ya karɓi addinin Kirista. Cikin watan Nuwamba na 1948 aka yi masa baftisma. Nan fa gida ya yi zafi. Mahaifinsa ya yi fushi, ya duke shi, ya janye hannunsa daga ɗawainiyarsa, ya ce ba shi ba biyan kuɗin makaranta.

A nan ne karatun yara da yawa kan tsaya, a da da yanzu. Kuɗin da ake magana ba wani mai yawa ba ne, amma ga yaron da ba shi da ko anini, tamkar dutse ne a gabansa. Abin da ya ceci Byang shi ne mutanen mishan da na ikilisiyar Kwoi ba su zuba masa ido ba. Aka ba shi 'yan ayyuka a tashar mishan, yana yi ana biyansa, da haka ya samu kuɗin makaranta da na tufafi da na littattafai. Irin wannan taimako ya fi kyautar hannu, domin ya bar yaron a aji, bai kuwa zubar masa da mutunci ba. Shi ma bai ba su kunya ba, ya dage, ya zama cikin na gaba a ajinsu.

RIGA A WURIN BAIKO

Cikin 1953 aka yi wani babban taron falkaswa a Kwoi, inda aka yi wa jama'a wa'azi a kan tuba da kuma taimakon masu bishara 'yan ƙasa da ke aiki a ƙauyuka masu nisa. Mutane suka yi ta kawo abin da suke da shi. Byang yana saurayi ɗan shekara 17, ya fito gaban jama'a yana hawaye, ya tuɓe rigar da ke jikinsa ya ajiye ta a kan sauran kayan baiko. Shi da kansa ya sha faɗi daga baya cewa a ranar ne ya gane ba rigar kaɗai ake nema a wurinsa ba, har da ransa duka. Wanda aka yi wa sutura jiya, yau shi ne ya ba da tasa.

Cikin 1955 ya bar gida ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Wannan ne zamansa na farko a cikin mutanen da ba ya jin harshensu, kuma da Turanci ake karatun. Ya yi aure a farkon 1957, ya gama Igbaja a ƙarshen shekarar, aka mai da shi ƙasarsu yana koyarwa a ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki, har da na Kwoi da Kagoro. Ɗalibansa yawanci manoma ne magidanta, waɗanda ikilisiyoyin ƙauyukansu suka haɗa musu guzuri suka turo su. Albashin malamin irin wannan makaranta kuwa bai taka kara ya karya ba.

ZAMANSA A IKKO

Cikin 1959 aka kira shi Ikko domin ya yi aiki a mujallar African Challenge, wadda SIM ta fara bugawa a 1951. Mazauna Mushin sun san wurin da har yau ake ce wa Challenge. A nan ya koyi aikin jarida, yana kuma amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara. Watau shi ma ya ɗanɗani zaman ɗan Arewa a Kurmi, ya san kewar gida da tsadar birni.

Byang bai taɓa shiga sakandare ba. Da ya ga wannan giɓi zai tare masa hanya, sai ya shiga karatu ta gidan waya, ana aiko masa da darussa yana yi da dare bayan ya tashi daga aiki, ga iyali, ga hidima. Da haka ya ci jarrabawar GCE ƙarama cikin 1961, ya ci babbar cikin 1963. A shekarar nan ta 1963, da tallafin mutanen mishan da na ikilisiya, ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, ya samu digirin Jami'ar Landan a fannin tauhidi cikin 1966. Ya komo ya koyar a Igbaja, inda a da yake ɗalibi.

SAKATAREN ECWA

Tun 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ƙungiyar 'yan ƙasa mai suna ECWA. Cikin 1967 aka zaɓi Byang Kato babban sakatarenta, ya koma hedkwatarta a Jos yana da shekara 31. A shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke. Ikilisiyar tana da mabiya a ɓangarorin biyu, kuma garuruwan reluwe irin su Kafanchan da Jos sun riga sun ga tashin dubban mutanen Gabas tun rikicin 1966. Nauyin riƙe jama'a wuri ɗaya ya hau kansa, haka kuma aikin agaji da ECWA da SIM suka yi na kai abinci da magani da tufafi ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Ya riƙe wannan muƙami har 1970, shekarar da yaƙin ya ƙare.

Daga nan ya ɗauki iyalinsa zuwa Amurka, ya shiga makarantar tauhidi ta Dalas a Jihar Tekzas. Ya samu digiri na biyu cikin 1971, na dakta kuwa cikin 1974. A cikin rubutun digirinsa bai manta da gida ba, ya keɓe wani sashe ya yi bayanin addinin gargajiya na Jaba, da yadda suke kiran Ubangiji da sunan Nom, domin abu ne da ya sani tun yana goye.

BURINSA A NAIROBI

Tun bai karɓi digirin daktan ba, cikin 1973, a wani taro da aka yi a Limuru ta ƙasar Kenya, aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, wadda a lokacin ake kira AEAM. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan kujera. Ya tare a Nairobi. Cikin Yuli 1974 yana cikin waɗanda suka yi jawabi a babban taron Lozan a ƙasar Siwizalan, wanda Billy Graham ya kira, ya kuma tara wakilai daga ƙasashe 150.

Abin da ya fi damunsa a wannan muƙami shi ne ilmi. Ya lura mabiya suna ƙaruwa kamar ruwa, amma malamai masu zurfin karatu sun yi kaɗan ƙwarai, har yakan kamanta ikilisiyar Afirka da mai ƙarancin jini. Ya kuma ga cewa duk wanda ke son babban digiri sai ya ƙetare teku, kamar yadda shi ya yi, abin da ke cin kuɗi mai yawa, ya raba mutum da jama'arsa shekara da shekaru, wani ma ya tafi ke nan. Saboda haka ya kawo shawara a kafa manyan makarantu biyu a cikin Afirka, ɗaya domin ƙasashe masu Faransanci, ɗaya domin masu Ingilishi, a kafa hukumar da za ta riƙa auna ingancin ƙananan makarantu, a kuma ƙarfafa 'yan Afirka su rubuta littattafansu da kansu. Ya yi ta tafiye-tafiye cikin Afirka da Turai da Amurka yana bayyana wannan buri, yana neman masu taimako.

Cikin 1975 aka buga littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa a Kisumu ta Kenya. A ciki ya soki ra'ayoyin waɗansu manyan masana, irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, a kan matsayin addinin gargajiya. Littafin ya ta da ƙura. Waɗansu suka ce ya tsananta wa al'adun Afirka, ya kuma ɗauko ra'ayin malamansa na Amurka. Masanin nan na Gana, Kwame Bediako, yana cikin waɗanda suka yi masa raddi daga baya. Magoya bayansa kuwa suka ce ai shi daga cikin gidan tsafi ya fito, ya san abin da yake magana a kai, kuma kullum yana kira ga Kiristan Afirka ya riƙe harshensa da kiɗansa da suturarsa. Har yanzu ana wannan muhawara a makarantu.

RASUWARSA

A ƙarshen 1975, bayan ya halarci babban taron Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da aka yi a Nairobi, ya tafi hutu bakin teku kusa da Mombasa tare da iyalinsa. Ran 19 ga watan Disamba ruwa ya ci shi. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Labarin ya girgiza mutanen Kwoi da Kafanchan da Jos, da ikilisiyoyi a ƙasashe da yawa.

Bai ga ko ɗaya daga cikin makarantun da ya yi fafutika a kansu ba, amma waɗanda ya bari ba su bar maganar ta bi ruwa ba. Cikin 1976 aka kafa hukumar auna makarantu mai suna ACTEA. Cikin 1977 aka buɗe makarantar masu Faransanci a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Cikin 1983 aka buɗe ta masu Ingilishi a Nairobi, wadda daga baya ta girma ta zama jami'a, kuma ɗakin sujadarta sunansa yake ɗauke da shi. A nan gida ECWA ta buɗe babbar makarantarta ta tauhidi a Jos cikin 1980, aka sa wa ɗakin karatunta sunan Byang Kato. Cikin 1986 Sophie de la Haye ta buga littafin tarihin rayuwarsa. Duk waɗannan makarantu da gudummawar jama'a aka gina su, kamar dai ƙaramar makarantar Kwoi inda ya fara koyon baƙi da wasali.

ABIN DA YA RAGE WA NA BAYA

Zamani ya sake. A cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, cikin 1976 kuma aka fara shirin UPE na ilmin firamare kyauta. Makarantu sun yawaita, amma wanda ya je gida hutun Kirsimeti ko na Salla ya san halin da na ƙauye da yawa suke ciki: iska ta yaye kwano, yara suna zaune a ƙasa, malami ɗaya yana fama da aji biyu ko uku. A waɗansu ƙauyukan kudancin Kaduna hare-hare sun sha korar mutane daga gidajensu, karatun yara ya tsaya. Cikin 2023 kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a yankin Jaba da Kachia da kewaye, ta cinye amfanin da iyaye da yawa ke dogara da shi wajen biyan kuɗin makaranta. Yaron da ya kai aji na ƙarshe a sakandare yana iya rasa zana jarrabawa saboda kuɗin rajista kawai.

Mutanen Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende, da Sabon Badun da na Shagamu, da Fatakwal, ba baƙin wannan aiki ba ne. Musulmi ya san zakka da sadaka da waƙafi, ya san yadda unguwa ke ciyar da makarantar allo. Kirista ya san baiko da zakar ikilisiya. A nan Ikko ma akwai abin koyi, domin ƙungiyar Ansar-ud-Deen da aka kafa a 1923 da karo-karon 'ya'yanta ta gina makarantunta. Kusan kowane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a Kurmi, masu taro wata-wata, masu tara kuɗin biki da na kai gawa gida. In da kowace ƙungiya za ta ware wani kaso domin makarantar ƙauyensu, ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu, ko ta sayi benci, ko ta gyara rufi, ta kuma bi ta hannun kwamitin iyaye da malamai, a riƙa karanta lissafi a gaban taro domin kada zargi ya shiga, da an ga canji. Da yayyafi kogi kan cika.

Waɗanda suka ba Byang ɗan aiki a tashar Kwoi ba su san za a yi makaranta a Bangi ko a Nairobi ta dalilinsa ba. Yaro kawai suka gani mai son karatu, wanda ba shi da mai biya masa. Irinsa suna nan da yawa yau a Kwoi da Zonkwa da Kagoro da Jama'a, da sauran ƙauyukan Arewa, maza da mata, Musulmi da Kirista. Allah ya ba masu hali ikon dubansu, ya kuma saka wa waɗanda suka riga suka yi da alheri, amin.